Takalmin Alhaji da Yumɓun Inna

Wata ranar Talata lokacin ɗari, a shekarar 1956, ina ƴar shekara tara, muna ƴar carafke a ƙofar gidanmu a Ƙanƙara, sai ga motar Alhaji Mamman mai sayen auduga ta tsaya a gindin tsamiya. Babanmu ne direbanta. Alhaji ya sako ƙafar dama da takalmi, ta hagu kuwa fayau. Sabon takalminsa na roba ya narke ya manne a daɓen motar a hanyarsu ta dawowa daga Faskari. Mu yara muka toshe baki don kada dariya ta kuɓuce, amma da na dubi fuskar Baba sai dariyar ta koma ciki. A gabanmu Alhaji ya ce masa ranar Lahadi za su Sabuwa, in motar ta sake gasa shi, to ya ajiye makulli.

Tsohuwar mota ce da Alhaji ya saya a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Salansarta, wato bututun hayaƙi, ta bi daidai ƙarƙashin inda mai gida yake ajiye ƙafa, ƙarfen wurin kuma tsatsa ta cinye shi ya yi shara-shara. Baba ba abin da bai gwada ba. Ya shimfiɗa tabarma, ta ƙone. Ya jiƙa buhu ya ɗora, tururi ya dafa ƙafar Alhaji kamar rogo. Daga baya ya cusa auduga, Allah ne ya kiyaye, don a kusa da Mairuwa ta fara hayaƙi. Mu kuwa da tuƙin nan muke ci. Gonarmu ta Ƴargoje ba ta kai mu damina, kuma gidan da muke ciki ma na Alhaji ne.

Inna, mahaifiyata, maginiyar tukwane ce. Aikina kullum in ɗebo ruwa, in tankaɗe toka, in tattake mata yumɓu da ƙafa har ya yi danƙo, sannan a sallame ni in tafi gaɗa. Da yamman nan tana rarraba tuwo ta ce wa Baba ya bar mata motar kwana uku. Baba mutum ne mai ji da kansa, a duk unguwarmu shi kaɗai ya san abin da ke cikin inji, kuma ba ya bari a manta. Ya ce yaushe mace ta san mota. Inna ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Mi na sani da mota, Malam? Amma wuta kam na san ta, tun ban kai ɗiyar nan ba nike wasa da ita."

Da safe sai ga shi da garwar kananzir biyu, an kai wa maƙeri ya fasa su ya baje. Inna ta kwaɓa yumɓu da toka da ƙaiƙayin gero, ni na tattake. Ta shafe shi a kan falle ɗaya, kaurin yatsa, ta shanya a inuwa don kada ya tsage, ta rufe da ɗaya fallen aka naɗe bakinsu. Baba ya so ya manna shi a jikin salansa, ta hana. Ta ce a ɗaure shi da waya a tsakanin salansa da daɓen motar, a bar yatsa biyu sama, yatsa biyu ƙasa, iska ta riƙa ratsawa. Tana tsaye a bakin zaure da mayafi tana ba da umarni, shi yana kwance a ƙarƙashin mota yana gunaguni. Har yau ban ga abin da ya fi wannan ba ni daɗi ba.

Ranar Lahadi da sassafe ta ba shi curin man shanu a ƙoƙo, ta ce ya tura shi ƙarƙashin kujerar Alhaji, a kan daɓe, a ga ko zai narke. Wunin ranar ban yi wasa ba, tsoro nake ji. Inna ma na ga ta fasa tukunya guda, abin da ba ta saba ba. Bayan la'asar Baba ya shigo da makulli a hannunsa, ya ajiye ƙoƙon a gabanta. Man ya yi taushi, amma curinsa na nan. Inna ta duba ta ce, "To, a kai madafa, na miya ne."

Baba ya yi wa Alhaji tuƙi har motar ta mutu. A gari yakan ce wani makaniken Zariya ne ya koya masa dabarar, Inna kuma ba ta taɓa ƙaryata shi ba, sai dai in ta ji ta yi murmushi. Yanzu motar jikana nake shiga, mai sanyi ciki da waje, ba wanda ya san ma ta ina salansa ta bi. Duk da haka nakan zare takalmi in taka daɓen da tafin ƙafa, sai kewar Inna ta kama ni. Ita dai har ta koma ga Allah ba ta taɓa shiga motar Alhajin ba.