Dokin da Bai Sauya Ƙafa Ba

Issoufou bai taɓa hawa doki ba. Haifaffen Maraɗi ne, ya girma a Yamai a hannun kawunsa mai gyaran rediyo, kuma a takarda ya fara sanin dawaki. A bakin kasuwarsu akwai wata rumfar ƙarfe da ake yankar tikitin cacar sukuwar da ake yi a Faransa: ka zaɓi dawaki uku, ka jera su yadda kake zaton za su iso, sannan ka jira rediyo. Yawancin masu yanka da mafarki suke aiki, ko da lambar motar da ta gifta su da safe. Shi kuwa takardar bayanin dawakin yake saye, ya zauna da ita kamar mai shirin jarrabawa. Nauyin da doki zai ɗauka, nisan da ya saba, wanda zai hau shi, ko an yi ruwa ƙasa ta yi laushi. Ya shekara da shekaru yana nazarin dabbobin da bai taɓa jin warinsu ba.

Da ya zo Amurka ya zauna a garin Lanham, kusa da Washington, ya kama tuƙin motar haya tsakanin unguwanni da filayen jirgi, ya auro Balkissa daga gida. Wani fasinja ne ya fara kai shi filin sukuwar da ke arewa da garin. Ya ce da ya ga dawakin da idonsa sai ya kashe mota ya manta da aiki. Tun daga nan Asabar ta zama tasa. Bai ɓoye wa kowa ba, bai kuma taɓa cewa halal ba ne. In an yi masa wa'azi a masallaci sai ya sunkuyar da kai ya ce a sa shi a addu'a. Abin da yake zubawa kaɗan ne. Balkissa ma ta shaida bai taɓa taɓa kuɗin cefane ba. Karatun ne ya kama shi. Don ta samu hutu da yara, sai ya riƙa tafiya da ɗansu na fari, Hamissou, yana ɗora shi a kafaɗa a bakin shinge.

Ni maƙwabcinsa ne. Shekarar da ɗana Nasir ya rasu a hatsarin mota a kan babbar hanyar da ta zagaye Washington, na kasa tuƙi. Issoufou ne ya riƙa kai ni ofis yana ɗauko ni, yana bi ta cikin unguwanni don kada mu ratsa ta wurin, bai kuma taɓa cewa ga dalilin da ya sa hanyar ta yi tsawo ba. Haka muka saba.

Hamissou ya tashi ɗan ƙarami, mara jiki, mai ƙarfin hannu. Da ya gama sakandare bai nemi jami'a ba, ya tafi rumfunan dawakin filin yana share kashi, yana zagayawa da su bayan atisaye, har aka fara ɗora shi. Bara ya samu lasisin mahayi ɗan koyo. Ranar da ya kawo labarin, Balkissa ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Issoufou ya rungume shi, ya yi dariya, ya sa albarka. Washegari a mota ya ce da ni, "Injiniya, ni na kai shi wurin nan da kafaɗata."

Bai daina sayen takardar ba, amma karatun ya juya. Da can yana neman dokin da zai zo na ɗaya. Yanzu, a duk tseren da sunan ɗansa ya fito, dokin da zai faɗi yake nema.

Wata Juma'a a cikin kaka, bayan an sauko daga masallaci, ya ja ni zuwa motarsa ya buɗe takardar tseren gobe a kan sitiyari. Ya nuna mini lamba huɗu a tsere na shida, da sunan Hamissou a gefe.

"Dubi nan. Dokin ga, farkon shekara cikin manya shike gudu. Sai aka daina ganin shi, duk bazara babu shi. Yanzu ga shi an maido shi tseren ƙasa, inda ake sa ma doki farashi duk mai so ya saye. Farashin jaki, Injiniya. Wa ke saida lafiyayyen doki haka?"

Na ce wataƙila mai shi ya matsu.

"Ka ji ɗan Nijeriya, komi sai ku ce matsuwa ce. To tsohon mahayin da ya saba hawan shi fa? Yana nan cikin tseren, ga shi kan lamba bakwai, dokin da ko kuturu ba shi zuba ma kuɗi. Mi ya sa ya sauka daga mai kyau ya hau banza?"

Sai ya fito da waya ya kunna mini bidiyon tseren dokin na ƙarshe. Jan doki ne mai fari a goshi. Ya bayyana mini abin da zan duba. Dawakin nan hagu suke zagayawa, don haka a kan kwana ƙafar gaba ta hagu ce take jagora, ita ke ɗaukar nauyi. Da sun fito miƙaƙƙiyar hanya sai su sauya, ta dama ta karɓa, ta hagu ta huta. Lafiyayyen doki da kansa yake yi. Na duba. Sauran duk suka yi wani ɗan tsalle suka sauya. Jan dokin bai sauya ba, a kan hagun ya ƙarasa, kansa a karkace. Tseren da ya gabaci wannan ma haka.

"Tsoron dama shike," in ji Issoufou. "Akwai abin da ke mai ciwo can. Ita kuma hagun ita kaɗai ke aiki har ta gaji. Ɗaya cikinsu za ta karye, kuma ɗana na bisa."

Ya ce in raka shi da safe. Mahaya in sun shiga ɗakinsu kafin a fara tsere ba a ganinsu, ba a kiransu a waya, don haka sai dai a tare shi a ƙofar rumfuna bayan atisaye. Na tambaye shi amfanina a wurin. Ya ce, "Yaron na jin kunyarka. Kuma kai ka san abin da nike tsoro." Ban ƙara tambaya ba.

Hamissou ya fito da hular kwano a hannu, takalmansa duk taɓo. Ya rusuna ya gaishe ni da Hausa, ya tambayi lafiyar matata Hajiya. Da uban ya fara magana sai ya koma Turanci, kamar yadda yaranmu suke yi in zance ya yi nauyi. Ya ce likitan fili ya duba dokin da safen nan, ya amince ya yi tsere. Ya ce Clinton, mai horar da dokin, shi kaɗai ne yake ba shi hawa a kai a kai, kuma ɗan koyon da ya ƙi doki ranar tsere, kafin la'asar kowace rumfa ta ji.

"Likita a tsaye ya gan shi, yana ɗan sassarfa," in ji Issoufou. "Ni a guje na gan shi."

"A waya ka gan shi, Baba."

"Ka ce cikinka na ciwo. Ka ce uwarka ba lafiya, ba ƙarya ba ne, tun jiya ba ta ci ba."

Yaron ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Baba, ko jaki ka taɓa hawa?"

"Na hau jaki, ɗan banza, kahin a haifi uwarka."

Suka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan. Hamissou ya dube ni yana jiran in ce wani abu. Na ce masa ban san komai game da doki ba, abin da na sani shi ne yadda ƙarar waya take a irin wannan rana. Ya sunkuyar da kai, amma bai ce ya fasa ba.

Issoufou ya kama hannun rigarsa. "To ji nan. Hau. Amma in kun fito kwana ta ƙarshe ka nemi ya sauya bai sauya ba, kada ka sa mai bulala. Ko kai ke gaba. Ka ji ni? Ko kai ke gaba."

Yaron ya ce yana da aiki, ya koma ciki.

Muka yi azahar a gefen mota a wurin ajiye motoci. Tsere biyar suka wuce ban san wanda ya ci ko ɗaya ba. Da aka fito da dawakin tsere na shida wurin ɗaura sirdi, Issoufou ya manne da shinge. Jan dokin kyakkyawa ne, gashinsa yana sheƙi, an naɗe masa ƙafafun gaba da farin bandeji. Issoufou ya ce a tserensa na baya babu bandejin. A allon cacar filin kuwa lamba huɗu ce mutane suka fi zuba wa kuɗi, domin kowa ya ga babban doki a cikin ƙanana. Wani dattijo baƙar fatar Amurka mai suna Jang, abokin zamansa na Asabar, ya dafa shi ya ce yau ɗanka zai saya mana abincin dare. Aka ɗaga Hamissou aka ɗora shi. Ya wuce ta gabanmu bai waiwayo ba.

Aka buɗe ƙofofi. Jan dokin ya fita gaba tun daga farko, ya ba su tazara a can ɗaya gefen filin, inda ba ka ganin komai sai launin riguna suna tafiya a kan shinge. Issoufou yana karanta wata addu'a guda, yana maimaita farkonta bai kai ƙarshe ba. Na lura na riƙe masa damtse, ban san lokacin da na kama ba. Suka shiga kwana. Mutane suka miƙe, ihu ya tashi, sautin kofato ya fara isowa ta cikin ƙasa. Suka fito miƙaƙƙiyar hanya, lamba huɗu a gaba, babu kowa kusa da shi.

"Sauya," in ji Issoufou a hankali. "Sauya. Sauya mana."

Ko ni na gani. Hamissou ya karkata jikinsa, ya ja linzami ta dama. Dokin ya ci gaba a kan hagu, kansa a karkace. Ya sake nema. Hannun da ke riƙe da bulala ya tashi sama, ya tsaya a can. Na rufe ido, sai na ji ihun ya canja, ya zama na zagi. Da na buɗe, yaron yana tsaye a kan likkafa, ya jingina baya da dukkan ƙarfinsa yana jan dokin zuwa waje, sauran suna wuce shi ta ciki ɗaya bayan ɗaya. Dokin ya rage gudu, ya koma sassarfa, ya tsaya yana ɗaga ƙafar dama daga ƙasa. Hamissou ya diro da ƙafafunsa biyu ya riƙe masa kai.

Tikiti suka yi ta faɗowa a kanmu. Wani a bayanmu yana kiran yaron matsoraci, wani yana cewa an saye shi. Jang ya yaga nasa, ya dubi Issoufou. Issoufou kuwa ya zame ya zauna a kan siminti, ya rufe fuska da takardar tseren. Motar ɗaukar dawaki ta zo, jan dokin ya shiga da ƙafarsa.

Abin da na sani bayan haka kaɗan ne. Clinton ya ce dokin lafiyarsa ƙalau, tsoro ne ya kama ɗan koyo, bai kuma sake ba shi hawa ba. Dokin bai sake fitowa a wata takardar tsere ba. Issoufou yana dubawa har yau. Hamissou ya yi makonni babu mai kiransa, bai kuma taka gidan iyayensa ba sai da uwar ta je ta zauna a ƙofar ɗakinsa. Da ya zo, ya ci tuwo, ya ce wa uban ba don maganarsa ya tsaya ba, a cinyarsa ya ji abin. Issoufou ya ce ya yarda.

Yanzu wata mata mai 'yan dawaki kaɗan ta fara ɗora shi. Issoufou ya daina zuwa tagar yankan tikiti, ya ce ba tuba ba ne, hannunsa ne ba ya iyawa. Ran Juma'ar da ta wuce na fito daga masallaci na hango shi a mota, takardar gobe a kan sitiyari, yana bin layin dokin da Hamissou zai hau da ɗan yatsa. Na tsaya a bakin taga har ya kai ƙarshe. Ya ɗago ya ce, "Wannan da sauƙi. Rago ne kawai, ba shi zuwa ko na biyar."