Lallen Zuwa Masar

Da na iya karatu da tsufana, sai na karanta cewa gawar Fir'auna na nan Masar cikin gilashi, kowa na zuwa kallo. Nic ce sai na gan shi da idona, ni kaɗai, ba mai jana kamar akuya.

Matan unguwarmu a Gummi sunka ce ba a zuwa ƙasar Larabawa da hannu fari fat. Sunka ƙunsa mani lalle, ya kama baƙi ƙirin. Da na isa ofishin fasfo, ma'aikacin ya ɗora yatsana bisa na'ura, ta ƙi ɗauka. Ya goge, ya danna, ta ƙi.

Yac ce, "Inna, wa ya aike ki ƙunshi? Sai lallen ya fita ki dawo."

Na koma gida ina cuɗa da lemun tsami da toka. Ya fara dusashewa ke nan, sai ga bikin jikata. Uwar amarya ta aje kwanon lalle gabana. Na dubi hannuna, na dubi kwanon, na miƙa mata yatsu goma.

Nic ce, "Ƙunsa, ɗiyata. Fir'aunan nan ba tashi zai yi ba."