Ciyawar da ba ta son taki

Ni ba mutumin shuke-shuke ba ne. A aji uku na ajiye sakandare, yanzu acaɓa nake ja tsakanin Daura da Mai'adua. Amma in ka shigo ɗakina za ka ga wata 'yar ciyawa a cikin roba a bakin taga, ganyenta kamar baki ne a buɗe, har da haƙora. Ƙuda ya sauka a ciki, ta rufe. Abokaina sun ce na auri ciyawa. Na ce aƙalla ita da kanta take yin cefanenta.

Duk laifin Kaka ne, mahaifiyar babana.

Muna yara, a ƙauyenmu can bayan Mai'adua, in an ci tuwon dare takan hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu zagaye ta. Ni take fara tsokana, don sunan mijinta aka sa mini.

"Maigida, matso. Mijin da ko zani bai taɓa saya mini ba, sai cin gyaɗata."

"Ke ma tsohuwa, wa zai kwasa in ba ni ba?"

Sai ta ɗaga kara kamar za ta doke ni, ta ce, "To ga ta nan, mai gyangyaɗi babu rabonsa."

Tatsuniyar da ta fi zama mini a kai ita ce ta wata ciyawa. Wai da aka raba ƙasa, gero ya samu tasa, dawa ta samu, har ƙaya ta samu. Ita ciyawar ta zo a makare, sai wani wuri mai ruwa-ruwa da babu komai a cikinsa. Ba ta kai ƙara ba. Ta buɗe baki ta koyi kama ƙuda, ɗaya yau, ɗaya jibi, tana zamanta. Ran nan wani manomi mai tausayi ya gan ta, ya ce wayyo baiwar Allah, ya tone ta ya kai gida. Ya dasa ta kusa da turken awaki, ya zuba mata taki, ya ba ta ruwan rijiya safe da yamma. Ta rufe bakin nan, ba ta ƙara buɗewa ba.

Na ce, "Kaka, wannan ƙarya ce. Ciyawa da baki?"

Ta ce, "Kai da kake da bakin, me ka tsinana da shi? Ta ƙare, a tashi, gyaɗar ma ta ƙare."

Shekaru suka wuce. Wata rana ina jiran fasinja a tasha, ina latsa waya, sai ga bidiyon ciyawar Kaka, tana rufe baki a kan ƙuda. Na nemi wani mai sayar da irinsu a Legas, ya aiko mini da ɗaya a mota. Ya yi ta jaddada mini: ban da taki, ban da ƙasar gona, ban da ruwan rijiya ko na famfo. Ruwan sama, in babu, tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir. Kada in ba ta nama, kada in sa yatsa ina mata wasa. Ya ce yawancin masu kashe ta, son ta ne ya yi musu yawa. Na yi dariya na kashe waya.

A lokacin Kaka tana wurina. Ta faɗi a bakin rijiya a ƙauye, ni kuma na ce ya isa haka, na ɗauko ta na kawo Daura. Na saya mata katifa, na sa mata fanka. Shayi da burodi da safe, madara, maltina. In ta ɗauki tsintsiya sai in karɓe. Awakinta biyu na bar wa kawuna. Ina jin kaina wani babban mutum.

Na kai mata ciyawar har bakin katifa.

"Amarya, ga ƙaryarki ta zama gaskiya."

Ta matso da ita kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

"Wa ya tono ta daga gidansu?"

"Wai asalinta daga Amurka ne."

"To mun zama mu biyu." Ta miƙo mini robar. "Maigida, ka mayar da ni gida. Ko gyaɗa ce in ɓare da hannuna."

Na ce, "Ki koma wurin wa? Mijinki yana nan." Ta yi murmushi don kar in ji kunya. Sau uku ta roƙe ni a watannin nan, sau uku ina mayar da abin wasa. Daga baya ta daina roƙo. Ta daina tsokanata. Shayin ma sai ya huce a inda na ajiye.

Bayan damina ta rasu. Likita ya ce tsufa ne, kowa ma ya ce lokaci ne, kuma na san haka ne. Na ɗauki makara, na zauna karɓar gaisuwa, ana cewa Allah ya ba da haƙuri ina cewa amin. Har yau hawaye bai zo ba. Ina tashi, in ja babur, in dawo. Ko barkwancin da nake yi a tasha, bakina ne kawai yake yi.

Ciyawar kuwa tana nan lafiya lau, har ta fitar da sababbin bakuna biyu. Dokar mutumin Legas ban karya ko ɗaya ba. Ciyawa ce na iya bari da ɗan abin da ta saba da shi. Matar da ta ba ni labarin tun ina cin gyaɗa da toka, ita ce na yi wa aikin manomin nan, kuma da hannu biyu na yi.

Jiya na cafke wani ƙuda a kan katifar da har yanzu ban naɗe ba. Na kai shi bakin taga, na tsaya. Sai na buɗe hannu ya tashi. In tana so, ta kama da kanta.