Shekarar da Kawu Ya Koya Mana Tuƙin Jirgin Sama

Ina yarinya ƙarama a Ɗanzomo, kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya kora jakuna ya kai gyaɗa Kano. Da ya dawo sai ya tara mu ya ce ya ga jirgin sama da idonsa, ya sauka a fili kamar zalɓe, har mutane suka fito daga cikinsa. Manya suka ce Allah ya kyauta, suka watse. Mu yara muka maƙale masa.

Ya ce wani tafinta ya yi masa bayanin komai. Mai koyon tuƙi yana zama a gaba, malaminsa a baya riƙe da tasa sandar, in ɗalibi ya karkace ya karɓe. Kuma ba a zama malami sai wanda ya daɗe yana tashi.

Yayana ya ce, “Kawu, kai ka taɓa tashi?”

“Na tsaya kusa da shi har iskarsa ta cire mini hula. Wa ya fi ni a garin nan?”

Muka kwantar da turmi, muka ɗora tsohon ƙyaure a kai, muka ɗaura zana hagu da dama ta zama fukafukai. Muciyar Inna ce sandar tuƙi. Ƙanena, da yake ya iya kaɗa leɓe, shi ne inji. Kawu yana baya yana ta tsawa: “Ja sanda! Ga Gagarawa can ƙasa! Karkata, za ka daki kukar Maigatari!”

Da muka ce mun iya, sai ya girgiza kai. Wai malami ba ya jarraba ɗalibinsa, don mai raino ba ya ganin laifin abin da ya raina. Sai an samo wani dabam wanda ya fi malamin daɗewa a sama. Aka yi ta neman mai wannan daraja, har aka tuna da wani tsoho maƙwabcinmu mai ɗaura amya a kan itatuwa yana cire zuma. Ya saurare mu, ya ce, “Rabin rayuwata a sama na yi ta. Mu je.”

Tsohon ya zauna a kan buzunsa kusa da ƙanena. Yayana ya hau, tafiya ta yi daɗi, sai kawai tsohon ya miƙa hannu ya toshe bakin ƙanena. Inji ya mutu. Yayana ya yar da muciya ya dire da gudu.

“Daga sama ka dire,” in ji tsohon. “Allah ya ji ƙanka. Na gaba.”

Ni ce ta gaba. Da injin ya ɗauke, tsoro ya hana ni motsi. Na ƙanƙame muciya ina salati har ƙyauren ya kwanta a hankali.

“Wannan ta iya,” ya ce. “Saura malamin.”

Kawu ya ce, “Haba Baba, ni ma?”

“Kai ma. Ba haka tafintan naka ya faɗa ba?”

Kawu ya yarda ya faɗa. Ya gyara riga ya hau da ƙasaita, ƙyauren ya ce ƙaras, ya rabe biyu. Tsohon ya dube shi a zube cikin zana, ya ce, “Tashin dai ban gani ba, amma saukar ta yi.”

Ni aka ba ’yar saƙar zuma a ganye. Yayana bai yi mini magana ba har washegari da yamma, da ya ga akwai saura.