Robar Dambun Ladidi

Wata rana wata baiwar Allah, mu kira ta Ladidi, ta ɗauki robar dambun nama ta fita neman wanda zai koya mata kasuwanci.

Tun rasuwar mijinta, da dambun nan take riƙe yara uku. Matsalar ɗaya ce: wanda ya saya sau ɗaya ba ya dawowa. Saura kaɗan ta ajiye sana'ar.

Na farkon da ta je wajensa, sanyin ofishinsa har haƙori ke kaɗawa. Mabiya a waya kamar zai kafa jam'iyya. Awa guda yana zuba Turanci, ya ce ta canja takardar jikin robar.

Robar kuwa, wayarsa ya ɗora a kai.

Ta biyu ta ɗauki hoton robar ta gefe uku, ta ce murfin bai yi kyau ba.

Ita ma ba ta buɗe ba.

A hanyar gida Ladidi ta biya wajen Hajiya Tabawa, tsohuwar da ta shekara talatin tana kai dambu shaguna. Babu ofis, tabarma ce a tsakar gida.

Hajiya ta buɗe, ta shinshina, ta ɗiba ta tauna a hankali.

"'Yar nan, da zafinsa kike rufewa ko?"

"Eh, Hajiya. Sauri nake in kai yara makaranta."

"Shi ne. Gumi yake yi a ciki, kwana uku ya canja wari. Amma hannunki ba shi da laifi."

Ladidi ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga. Shekara biyu tana zaton hannunta ne ya lalace.

"Bar kukan nan kar ki ƙara masa gishiri. Gobe ki soya, ki baza a tire, ki kai yaran. Kafin ki dawo ya huce. Zan zo in ga madafar taki."

Ta zo kuwa, da sandarta, a adaidaita.

Bayan wata biyu, wani mai shago da ya daina karɓar dambunta ne ya kira Ladidi da kansa.

Hajiya kuwa har yau duk zuwa sai ta ce bari ta ɗan duba. Rabin roba take dubawa.

Darasi: In za ka zaɓi mai koya maka kasuwanci, kar ka duba ofishinsa. Duba ko ya buɗe robarka kafin ya buɗe bakinsa.

Tura wa wata mai ƙaramar sana'a da ke shirin karaya, wataƙila yau take buƙatarsa.