Tikitin Asabar

Ko yau na ji ƙanshin hulba sai na tuna matar da ke zaune a saman gidanmu a unguwar Sanyuanli, can ƙasar waje inda 'yan Kano ke zuwa sarin kaya. Bayahudiya ce 'yar Yaman, mai sarin wandunan jins daga garin Xintang. 'Yan Kano kuwa Hajiya suke ce mata, baki ya riga ya saba, ita ma ba ta taɓa gyara musu ba.

Ina ƙarama, ban san dalilin da ya sa baƙinta ba sa sayen komai ba. Sai daga baya Umma ta faɗa mini: a garinsu ana jifan su, ana tilasta musu barin addininsu. Ita ce take shigo da su a matsayin 'yan kasuwa, su ɗan huta, ta tura su wata ƙasar da za a karɓe su.

Wata damina, lokacin da bango ke gumi, wanki ba ya bushewa, kawunta ya iso. Tsoho ne siriri, da gashi a nannaɗe gefen kunnuwansa. Bizarsa ta kusa ƙarewa, idan ta ƙare kuma mayar da shi za a yi. Ranar tana can wajen lodin kaya, sai ta roƙi Baba ya yanko masa tikiti. An ce akwai kujera Juma'a da safe, akwai Asabar, ranar ƙarshe ta bizar. Baba, don girmama dattijo, ya ce ba a ɗaga mai ibada ran Juma'a. Ya zaɓi Asabar.

Ashe Asabar ce ranarsu, ko wuta ba sa kunnawa, balle hawa jirgi. Kafin a koma, kujerar Juma'a ta tafi.

"Hajiya, wallahi alheri na nufa," in ji Baba.

"Na sani, Alhaji."

Tsohon ya ce a garinsu duk da jifan bai taɓa karya Asabar ba, ba zai fara a nan ba. Ta ce addininsu ya fifita rai a kan Asabar. Ya juya mata baya. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Ran Asabar da safe ta tare tasi, Baba ya ɗauki jakarsa. Tsohon ya shiga yana hawaye, bai yi wa kowa sallama ba.

Yanzu an sauya unguwar, ita ma ta rufe shago. Bara muka yi waya, na tambayi kawun. Ta ce ya yi shekaru cikin jikokinsa kafin ya rasu, kuma bai sake yi mata magana ba.

"Ai gara haka," ta ce. "Mai rai ne yake fushi."