Ranar da Hamman Ya Zo Neman Yafiya

Ina shan shayi a ƙofar gida a Kolere sai ga abokina Hamman, malamin asibiti, wanda ya yi ta ɗinke raunukan mutane tun dawowarmu Mubi daga gudun hijira.

Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, ka yafe mini."

Na ce, "Makka za ka ba mu sani ba? Ko azumi ya zo, ni ne ban ga wata ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce ya zaga dangi kaf, kowa ya yafe, har ana yaba tsoron Allahnsa.

Na ajiye kofi na ce, "Hamman, kana tunanin kashe kanka ne?"

Ya ce, "Kai kaɗai ka tambaya."

Ban yi masa wa'azi ba, ko da yake kun san ni da shi. Na kira yayansa, muka raka shi wurin likita.

Yau ya samu sauƙi, shi ke zaunar da ƙananan ma'aikatan asibiti yana tambayarsu ko suna samun barci.

Duk mun iya cewa "na yafe". A cikinku wa ya taɓa tambayar dalili?